Akwatin da Kawu Ya Haɗa wa Inna

Ranar addu'ar ukun Kawu muna zaune a tsakar gida, ni da Umma da sauran mata, tabarmi har bakin rijiya, sai liman ya ɗauki makirufo a ƙofar gida zai fara addu'a. Bai gama bisimilla ba lasifika ta saki wani ƙara mai tsinka kunne, ta yi shiru. Wallahi duk matan da ke wurin ƙofar ɗakin Kawu muka waiga. Jira muke ya fito da hula a karkace, yana laluben takalmi, yana tambayar wane ne yake son kurmantar da bayin Allah. Daga baya maigidana ya ce a waje ma haka aka yi, maza suka juya suna kallon dakalin da Kawu yake zama. Umma, wadda ta daure kwana uku ba ta yi kuka a gaban mutane ba, a nan ta ja mayafi ta rufe fuska. Yayanta ne, kuma su biyu suka rage a ɗakinsu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu mai gyaran rediyo ya riga mu gidan gaskiya, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Na zauna rubuta wannan ne don na ga yadda ake manta mutum. Yau ana ta cewa Allah sarki, baɗi wani ya kama shagonsa ya zuba katin waya.

Masu gaisuwa kowa da abin da ya riƙe. Wata tsohuwa ta hau mota tun daga garin Babban Mutum, ta ce shekara goma sha tana kawo masa rediyonta, duk ranar da ta kama bakin zani za ta kwance sai ya ce ta tafi kafin mota ta cika. Ladanin unguwa ya aiko a gaya wa mata cewa shi ya fi kowa rashi, domin Kawu ne kaɗai yake iya tare shi a hanya ya ce, "Malam, sallah kake kira, ba faɗa kake da mu ba, rage ƙarar nan." Wata maƙwabciya ta tuna ranar da ya shigo gidansu da sallama, ya wuce kai tsaye ya juya akwatin sifikar mijinta daga kusurwa zuwa tsakiyar bango, ya fita, don ya gaji da jin yadda take gunji ta katanga. Aka yi dariya, aka share hawaye, aka ci gaba da jan carbi.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, lasifikar da ta yi ƙaran nan ta Inna ce, matar Kawu. Ta masallaci ta ƙi tashi, sai wani daga cikin dangi ya shiga ɗakinta ya ɗauko akwatinta, aka jona ta da babbar amfilifayar masallaci, na'urar ƙara murya, aka murɗa har ƙarshe. Niyya mai kyau ce. Amma akwatin ɗaki ce, ba a yi ta don titi ba, nan take ta ƙone.

Sai na ɗan yi bayanin sana'ar, don wanda bai san ta ba. A cikin akwatin sifika akwai babba mai kaurin murya, ana ce mata wufa, da ƙarama mai siririn sauti, tuwita. Tsakaninsu akwai ɗan allo da aka liƙa wa abubuwa uku: kwayil, wato wayar jan ƙarfe da aka naɗe, da kwandensa, da rezista. Aikin allon nan raba sauti, ya tura mai kauri wurin babba, siriri wurin ƙarama. Sunansa kurosoba, amma Kawu alƙali yake ce masa. In aka kawo akwati tana kuka sai ya kara kunne, ya ce, "Sifikunka lafiyarsu lau. Alƙalinka ne ba ya adalci."

Da can manyan akwatuna yake haɗa wa masu biki da gidajen kallo. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a wannan aikin ya ja baya, abokan sana'arsa suka yi ta ƙorafi, wasu suka koma sayar da batir. Kawu ya ce shi an rage masa hayaniya ne. Ya koma haɗa ƙananan akwatuna na cikin ɗaki, na masu sauraron karatu da tafsiri da labaran duniya, kuma a nan ya fi nuna gwanintarsa. Ba ya haɗa wa mutum akwati sai ya je ya ga ɗakin. Zai tsaya a tsakiya ya tafa hannu sau ɗaya, ya saurara, ya tambaya ko akwai silin, ko ana shimfiɗa darduma. Mutane suna ganin iyayi ne, amma suna komowa.

Yana da taurin kai, wannan kada a ɓoye. Babban abin da ya kafe a kai shi ne tsohuwar kwandensa, irin wadda ake cirowa daga rediyoyin zamanin iyayenmu, ta fi sabuwar da ake sarowa daga Kano daɗin sauti. Ya ce tsohuwar tana da maiƙo, sabuwar kuwa gaya ce ba miya. Yana da gwangwanin madara cike da su, ba mai taɓawa. Kullum bayan la'asar in an hallara a zaurensa sai an yi wannan musu, amininsa Baba Direba, wanda ya tsufa yana tuƙi a hanyar Mai'adua, yana zuga shi, wani tsohon malamin asibiti yana ƙaryata shi. Shekara da shekaru ba wanda ya ci, ba kuma wanda ya gaji.

Ni ce na ɓata wasan. A gidan na tashi, Inna ta goye ni, Kawu ne ya fara ɗora mini ƙarfen liƙi a hannu lokacin da mutane suke cewa me ya haɗa 'ya mace da dalma. Shi ya tsaya kai da fata sai da na karanta kimiyya. Na dawo daga jami'a ina ji da kaina, na fara koyarwa a makarantar 'yan mata, na ce masa, "Kawu, in kwandensa biyu awonsu ɗaya a mita, kunne ba zai bambance su ba. Zuciyarka ce take jin maiƙon."

Ya ce, "Mita tana da kunne?"

Na ce a gwada. Na haɗa alƙalai biyu masu awo ɗaya, ɗaya da tsofaffin kayansa, ɗaya da sababbin Kano, na sa maɓallin sauyawa. Na zauna ta cikin gida bayan labulen zaure da maɓallin a hannuna, akwatin tana gabansu, duk majalisar ta cika. Sau goma na kunna, yana faɗin wanne ne, Baba Direba yana leƙowa yana duba hannuna don shaida. Kawu ya dace sau huɗu. Wanda ya rufe ido ya yi ta cinta ma zai iya fin haka.

 Ina bayan labule ina murmushi, Allah Ya yafe mini. Na ji Kawu ya ce, "To, malama ta yi magana." Ya tashi ya tafi masallaci, ko kiran magariba ba a yi ba. Da Umma ta ji labari ta aika aka kira ni, ta ce, "A can ba a koya muku kunya ba? A gaban abokansa? Mutumin da ya raine ki?" Na ce ai gaskiya na faɗa. Ta ce ta ji, in ɗauki gaskiyata in fita mata daga ɗaki.

Kawu bai yi fushi irin na mutane ba. Bai fasa aiko mini da mangwaro ba in ya nuna, shi ya yi waliccin aurena, duk haihuwata shi yake fara zuwa barka. Amma bai sake kirana teburin aikinsa ba. A zaure ya ci gaba da musunsa na maiƙo kamar ba a taɓa gwadawa ba, in na shigo sai ya sauya magana ya tambayi yara. Shekara goma sha biyar muna haka. Ban ba shi haƙuri ba, don a ganina ba ni da laifi, kuma kullum ina cewa akwai lokaci. Wannan abu yana ci mini rai har yau.

Akwatin Inna kuwa ita ce hujjata a ɓoye. Ƙarama ce, ta katako, tana kan kabad kusa da gadonta, da tsohuwar rikodar kaset a gefe. Kaset ɗaya take ji: karatun mahaifinta, alaramma ne a Zango, wanda Kawu ya ɗauka da kansa a zauren tsohon, farkon aurensu. Kullum da hantsi in ta gama aiki sai ta kunna. Kunnenta ya daɗe da yin nauyi, sai ka matso ka ɗaga murya take jinka. Sautin akwatin nan kuwa ba daɗi, tsiwa gare shi, ba kauri ko kaɗan, kuma kowace shekara ƙara lalacewa yake. In na shiga gaishe ta na ji shi sai in ce a raina, ga gwanin kunne nan, ko akwatin matarsa ya kasa gyarawa.

Bayan an yi bakwai mutane suka watse, Inna ta rage a ɗaki tana takaba. Wata huɗu da kwana goma ba fita, ba ta jin hirar masu shigowa sosai, ga akwati a mace. Ba ta yi ƙorafi ba. Na dai lura da hantsi takan kai hannu wajen rikodar, sai ta tuna, ta mayar da hannun cinyarta. Abinci ma ta rage ci.

Na ce wannan aikina ne. Na kwance bayan akwatin na tarar da tuwita ta ƙone, alƙalin kuwa abin kunya, wayoyi a cukurkuɗe, liƙi kan liƙi, kwayil ya yi ƙato an ɗaure shi da zaren ɗinki. Na cire shi ɗungurungum na jefa a leda, na ajiye a zauren Kawu. Na sa aka kawo mini sabuwar tuwita da kayan haɗi, na zauna da takarda na yi lissafi yadda littafi ya ce, na haɗa allo tsaf. Da na kunna a gidana har maigidana ya leƙo, ya ce kamar alaramman yana cikin falon. Ni ma na ji daɗin kaina.

Na kai mata ranar Asabar, na kunna, na tsaya ina jiran yabo. Ta saurara, ta karkata kai, ta matso. Can ta ce, "'Yar nan, Baba yana magana a cikin tulu."

Na ƙara murya. Tagogi suka fara rawa.

Ta ce, "Ƙara ina ji, magana ce ba na ji." Ta kai hannu ta kashe da kanta. "Bar shi. Kin yi ƙoƙari, Allah Ya yi miki albarka. Mai yi ya tafi."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na fito zaure na zauna kan bencin Kawu, ban san hawaye yake zuba ba sai da Baba Direba ya yi sallama. Tun rasuwar kullum yake zuwa bayan la'asar, ya zauna shi kaɗai, ya tashi. Na gaya masa abin da ya faru.

Ya ce, "Kin zaunar da ita?"

Na ce, "Zaunarwa kamar yaya, Baba?"

Ya girgiza kai. "Ashe ba ki sani ba. Duk shekara bayan Babbar Sallah yakan rufe shago yini guda. Ya zaunar da ita a bakin gado, ya buɗe bayan akwatin, ya rage wannan ya ƙara wancan, yana tambayarta, yanzu fa? yanzu fa? Har sai ta ce ya fito. Ke kina gyara akwati ne, shi kuwa kunnenta yake bi. Jeki duba murfin ta ciki."

Na ɗauko murfin bayan akwatin, wanda ban ko duba cikinsa ba ranar da na kwance, na juya shi a haske. Rubutun fensir ne da ajami, layi bisa layi, hannun Kawu. Bana an ƙara naɗi ashirin, ta ce ya fito. Bana kunnen hagu ya yi nauyi, a mayar da akwati dama da gado. Bana an rage rezista rabi. Haka ya yi ta gangarowa, yana danne kaurin yana buɗe wa siririn hanya, domin siririn sauti shi yake fara guduwa daga kunnen tsoho, kuma a cikinsa harufa suke. Wannan a aji nake koyar da shi, ban taɓa kawo shi ɗakin Inna ba. Layin ƙarshe, na bara, cewa ya yi: ba ta ji ƙarshen ba sai da na cire rezista gaba ɗaya. Shi ya sa tuwitar ta ƙone da wuri, ba abin da ya rage yana kare ta.

Na zazzage ledar da na jefa tsohon allon, ina dubawa a hankali. Sai na ga abin da ya sa na yi dariya hawaye bai bushe ba. Kwandensar da ke jiki sabuwa ce fil, 'yar Kano, irin wadda yake kira gaya ba miya.

Na nuna wa Baba Direba. Ya sosa gemu, ya kalli ƙofa kamar mai tsoron a ji shi. Ya ce, "Tun ranar labulen nan bai sake sa tsohuwa a aikin kowa ba. Ya ce yarinyar nan ta fi shi gaskiya. Amma ya rantsar da ni kada in faɗa miki, wai za ki samu bakin magana."

"To musun zaure fa?"

"In ya bar musun, me za mu yi bayan la'asar?"

Washegari da hantsi na shiga ɗakin Inna da ƙarfen liƙi da dalma da tsohon allon Kawu. Na samo tuwita mai ƙaho, wadda ta fi ta da kaifi, tunda shi bai bar mini abin cirewa ba. Na ce, "Inna, zauna a bakin gado." Ta dube ni, sannan ta gyara zama, ta juyo da kunnen dama, ba tare da na ce mata ba.

Na kunna. "Yanzu fa, Inna?"

"Da saura."

Na kashe, na ƙara naɗi, na liƙa. Hannuna ya manta aikin, sau biyu ina ƙona yatsa. "Yanzu fa?"

"Ya ɗan taso."

Muka yi ta yi har rana ta take tsaka. Sautin yana ƙara tsiwa a kunnena, yana komawa irin wanda na shekara ina rainawa, ita kuwa fuskarta tana sakewa. Can na ga leɓenta yana bin ayoyin. Na ce alhamdu lillahi, an gama. Na fara tattara kaya.

Ta ce, "Kai shi ƙarshe."

Na ce, "Ai karatun ya fito, Inna."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta. "Ke dai kai shi ƙarshe."

Na tura kaset ɗin gaba. Alaramma ya kai aya, ya tsaya yana numfashi. Ban taɓa sauraron wurin nan ba, kullum kafin a kai nan na yi sallama na tafi. A bayan shirun akwai wani bugu daga nesa, dum, dum. Sai wata murya ta saurayi, can nesa da makirufo, ƙasa-ƙasa saboda kunyar suruki, ta ce, "Gafarta Malam, a ɗan dakata. A gaya wa mutanen cikin gida su tsaya da dakan nan, turmi yana shiga kaset." Aka yi 'yar dariya, kaset ya ƙare.

Na dubi Inna. Ta ce ba ta ji ba, motsi kawai ta ji. Sai a lokacin na fahimci layin ƙarshe na jikin murfin. Shekara hamsin ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko a bayan idonsa shi take cewa, ko maigidan. Macen da ta tashi a haka ba za ta buɗe baki ta ce wa 'yar da ta goya tana kewar muryar mijinta ba. Sai dai ta ce Baba yana cikin tulu.

Na sake buɗe akwatin. Na ƙara naɗi, na sauya kwandensa, na matsar da akwatin har ta kusa taɓa matashinta. Na mayar da kaset baya kaɗan. Sau uku muna yi. A na huɗu, da muryar ta zo kan turmi, Inna ta kai hannu ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba, ina jin duka biyun ne.

Ta ce, "Ni ce ke dakan. Ganin gida na je, Iya ta ba ni gero. Ko wata uku ba mu yi ba, har ya fara sa mini ido."

Na ɗauki fensir ɗin Kawu daga aljihun jakar aikinsa, na rubuta a ƙarƙashin layinsa da ajamina mai karkata: bana an sa tuwita mai ƙaho, an ƙara naɗi talatin, ta ji ƙarshen. Haƙurin da ban ba shi da baki ba, a nan na samu wurin ajiye shi.

Har yau ina kan bakana, kwandensa biyu masu awo ɗaya ba su da bambanci a kunne, kuma na san yanzu shi ma ya yarda. Gwangwanin madarar yana wurina. Baba Direba ya ce in ina so in riƙa zama bayan labule bayan la'asar, shi zai kama ɓangaren maiƙo, don kada zauren ya mutu.

Ya Allah, Kawu ya shafe rayuwarsa yana gyara wa bayinKa abin da za su ji karatun littafinKa da shi. Ka jiyar da shi abin da ya fi wannan daɗi, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka yafe masa taurin kansa, ni ma Ka yafe mini nawa. Ka ba Inna haƙuri, Ka bar mata abin da ya rage na kunnenta.

Da zan fita ranar, na ɗaure murfin na goge akwatin, na kai bakin ƙofa, sai ta kira ni. Tana zaune inda na bar ta, kunnen dama yana wajen akwatin.

Ta ce, "'Yar nan, kafin ki tafi, mayar mini da shi baya kaɗan."